Rage kashe kuɗi a babban gida: abin da ya kamata mutanen Adar su sani

Jama'a masu saurarenmu na ƙauyuka, da ƴan uwa ƴan biɗa da ke karanta mu daga Abijan, Libiya, Kamaru ko Najeriya, tambayar da ta fi zo mana ita ce: me ya sa kuɗin da ake aikowa ba su kai wata? Amsarmu a taƙaice: a babban gida, lokacin da aka yi sayayya ya fi yawan kuɗin muhimmanci. Ga bayani ɗaya bayan ɗaya.

Hatsi

Nan ne mafi yawan kuɗin gida ke tafiya. Buhu mai kilo 100 yana ɗaukar tiya kamar 40. Gidan da ke daka tiya 3 a wuni zai ci buhu 27 a shekara, kuma 9 daga ciki a watanni huɗun nan masu wuya, Yuni zuwa Satumba. Hatsi na araha ne da kaka, Oktoba da Nuwamba, ya yi ta hawa har damina. Wanda ke awo tiya-tiya a watan Yuli, shi ne ke biyan mafi tsada.

To ƴan biɗa, ga shawara: maimakon aike kaɗan-kaɗan duk mako, ku tara ku yi babban aike ɗaya da kaka, a sayi buhunan damina a ajiye. Kuɗin aike ma sai ya ragu. Kafin a shiga kasuwar Lahadi ta Tawa, a bincika farashin da hukumar SIMA ke bayarwa na kasuwanni. In OPVN ta buɗe sayar da hatsi da rahusa, a tambayi magajin gari rana da wuri.

Wake kuwa, buhun PICS mai ruɓi uku yana kashe ƙwari ba tare da magani ba, muddin an ɗaure kowane ruɓi da kyau kuma bai huje ba. Manomin da kuɗi suka matsa wa da kaka, ya tambaya ko akwai ƙungiyar da ke karɓar jinginar amfanin gona a yankinsu: a ajiye buhu a sito, a karɓi bashi, a sayar bayan farashi ya tashi.

Itace da gaz

Icce na ƙara nisa a arewacin Adar, yana ƙara tsada a birni. Murhun duwatsu uku na barin zafi ya watse gefe. Murhun ƙarfe Mai Sauƙi ko na laka yana tare wutar ƙarƙashin tukunya. A jiƙa wake tun dare, a rufe tukunya, a kare murhu daga iska. Tun da matatar SORAZ ta Damagaram ta fara aiki a 2011, gaz ɗin girki ya ƙara samuwa cikin ƙasa. Gidaje da yawa na raba aiki: shayi, miya da ɗumame a gaz, babbar tukunyar tuwo a murhu.

Wuta da ruwa

Kuɗin NIGELEC hawa-hawa ne: in an wuce matakin farko, kowane kilowat ya ƙara tsada. Ƙwan fitila 10 masu wat 60, awa 6 a dare, suna cin kilowat 108 a wata. In an musanya su da LED masu wat 9, kilowat 16 ne kawai. Firigo kuma a nisanta shi da rana da bango, a duba robar ƙofarsa.

Ruwan pampo ma haka yake. Mita 10 na farko a wata su ne masu rahusa, mita ɗaya kuwa bido 40 ne na lita 25. Shi ya sa gidaje uku da suka haɗa kwantar guda suke saurin faɗawa mataki mai tsada. A rufe dukan pampuna da dare a duba kwantar. In ta motsa kafin safe, akwai yoyo cikin ƙasa.

Lafiya

Tun 2006 doka ta ce duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ne a asibitocin gwamnati. Da damina kuma ana raba maganin riga-kafin zazzaɓin cizon sauro ga yara daga wata 3 zuwa 59. A karɓa kowane zagaye, a kwana cikin gidan sauro. Kwanciya asibiti guda ɗaya na iya cinye kuɗin buhu.

Wa ke riƙe lissafi?

Babban gida mai hannuwa da yawa, in ba mutum ɗaya ke riƙe mabuɗin rumbu ba, hatsi sai ya ƙare ba a san ta ina ba. A zaɓi mutum guda, a ba ɗan lakwal littafi ya riƙa rubuta tiyar da aka fitar da jikar da aka kashe. Ƙarshen wata a ɗauki hotonsa a tura wa mai aike ta WhatsApp. Wannan na kashe zargi tsakanin ƴan uwa. Mata kuma, asusun Mata Masu Dubara da aka fara a jihar Maraɗi a 1991 ya fi bashin ɗan kasuwa sauƙi ranar suna ko rashin lafiya.

Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Lissafin damina, da kaka ake yin sa. Allah ya ba mu wucewa lafiya.