Kalmomi biyu da babu su cikin kundin tsarin mulkin Amurka na 1787

Mai nazarin harshe in ya ɗauki matanin doka, yakan fara da kalmomin da ke cikinsa. A wannan ɗan rubutu za mu duba kalmomi biyu waɗanda ba su fito ko sau ɗaya ba cikin kundin da wakilai 39 suka sa wa hannu a Filadelfiya ranar 17 ga Satumba 1787, wato “dimokuraɗiyya” da “bawa”. Rashinsu ba mantuwa ba ce. An san su, an furta su a zauren taron, amma aka kauce musu wajen rubutu, kowacce da dalilinta.

Mu fara da ta farko. Ɗalibanmu da suka yi karatu da Faransanci sun saba ganin “jamhuriya” da “dimokuraɗiyya” kamar Hasan da Husaini, ga shi kuma kundin Faransa na 1958 ya haɗa su cikin jimla ɗaya. A ƙarni na 18 ba haka abin yake ba. Wajen Montesquieu, cikin littafinsa na 1748 kan ruhin dokoki, jamhuriya babbar rumfa ce wadda ta ƙunshi iri biyu: inda jama’a duka ke riƙe da iko, da inda wani ɓangare kawai ke riƙe da shi. Ya kuma yi hasashen cewa jamhuriya ba ta ɗorewa sai a ƙaramar ƙasa. James Madison ya karanta shi, ya kuma juya maganar. A maƙala ta 10 daga cikin maƙalu 85 da shi da Hamilton da Jay suka wallafa da sunan aro na Publius, wadda ta fito cikin Nuwamba 1787, ya ware ma’anonin biyu: dimokuraɗiyya ita ce ƴan ƙasa kaɗan su taru su yi mulki da kansu, kamar biranen Girka na dā, jamhuriya kuwa ita ce mulki ta hanyar wakilai. A ganinsa faɗin ƙasa kariya ne, domin in bukatu suka yi yawa suka saɓa wa juna, da wuya wani gungu ya haɗa rinjayen da zai danne sauran.

Wannan tsoron rinjaye yana da tushe. A 1786 manoman Masacuset da bashi ya yi wa katutu sun ɗauki makamai ƙarƙashin Daniel Shays suka hana kotuna zama, gwamnatin tsakiya kuwa, wadda ba ta da ikon karɓar haraji da kanta, ta tsaya tana kallo. Saboda haka kundin ya ba jama’a ƙofa ɗaya tak ta kai tsaye, ita ce majalisar wakilai, mai wa’adin shekara 2. Ƴan majalisar dattawa majalisun jihohi ne ke zaɓarsu, haka aka ci gaba har gyara na 17 a 1913. Shugaban ƙasa manyan masu zaɓe ke fitar da shi, alƙalan tarayya kuma ba su da wa’adi. Abin da babi na 4 ya lamunce wa kowace jiha shi ne mulki irin na jamhuriya. Kafin Tocqueville ya fitar da kashin farko na littafinsa a 1835, kalmar da aka guda ta riga ta zama abin alfahari, har jam’iyyar Andrew Jackson ta ɗauke ta suna, amma ba a taɓa shigar da ita cikin matanin ba.

Kalma ta biyu ta fi nauyi, a nan kuma za mu daɗe. Ƙidayar 1790 ta sami mutum kusan miliyan 4, daga ciki kusan 700,000 bayi ne. Washinton da ya shugabanci taron da Madison duk suna da bayi a Birjiniya. Kundin ya taɓo bauta a fili a wurare uku, kowane da irin lulluɓinsa. A babi na 1, sashe na 2, wajen rabon kujerun majalisar wakilai, an ce a ƙirga ƴantattu duka, a ƙara kashi uku cikin biyar na sauran mutane. A sashe na 9 an hana majalisa haramta shigo da irin mutanen da jihohi suka ga ya dace a shigo da su kafin 1808. A babi na 4 kuma an wajabta mai da wanda ake binsa hidima ko aiki in ya tsere zuwa wata jiha.

A nahawunce dabarar ɗaya ce: an bar sunan “mutum”, an maye sunan matsayinsa da siffa mai kewaye. Rubuce-rubucen da Madison ya yi a zauren, waɗanda ba a buga ba sai 1840, sun nuna cewa da gangan aka yi. Cikin Agusta shi da kansa ya ƙi a shigar da ra’ayin cewa mutum na iya zama dukiya. Cikin Satumba aka cire wata kalma mai nuni ga halin bawa aka sa mai nufin hidimar ɗa, aka kuma cire wadda ke iya nuna halascin riƙon, aka ce kawai bisa dokokin jihar. Wato an ɗora wa jihohi nauyin abin, tarayya kuma ta ɗauki aikin tsaronsa.

Akwai kuskuren da muke yawan ji a aji, cewa kashi uku cikin biyar yana nufin an ɗauki baƙar fata bai cika mutum ba. Lissafin ya fi haka muni. Masu bayi na kudu su ne suka nemi a ƙirga bawa cikakke, ƴan arewa suka nemi kada a ƙirga shi sam, tunda ba ya jefa ƙuri’a. Kowane bawa da aka ƙirga ƙarin ƙarfi ne ga ubangijinsa a majalisa, haka ma a zaɓen shugaba, domin yawan manyan masu zaɓen kowace jiha ya dogara ga yawan kujerunta. A 1800 Jefferson ya sami 73, Adams 65, masana tarihi da dama kuma suna ganin wannan ƙarin ne ya raba gardamar.

To shirun matani me yake nufi? Amurkawa sun yi shekara 70 suna jayayya a kai. Garrison, mai fafutukar kawar da bauta, ya ƙone kofin kundin a bainar jama’a a 1854, don a ganinsa lulluɓin bai ɓoye komai ba. A 1857, cikin shari’ar Dred Scott, alƙalin alƙalai Taney ya yanke cewa jikokin bayin da aka kawo daga Afirka ba za su zama ƴan ƙasa ba, ya kuma karanta haƙƙin mallakar bawa cikin matanin da bai ambaci bawa ba. Frederick Douglass, wanda shi kansa tsererren bawa ne, ya tsaya a Gilasgo a 1860 ya ce a bi abin da aka rubuta, a bar niyyar da marubuta suka ɓoye: matani ya ce mutum, to mutum ne. Mu dai a wajenmu karatun Douglass ya fi ƙarfi a nahawu, ya fi rauni a tarihi, kuma ya san da haka. Lauya yake yi wa mutanensa da kayan aikin da ya tarar.

Ba kotu ce ta warware ba, yaƙin basasa ne na 1861 zuwa 1865, wanda ya ci rayuka fiye da 600,000. Kalmar “bauta” ta shiga kundin karon farko a gyara na 13, cikin Disamba 1865, a jimlar da ta haramta ta, ko da yake jimlar ta keɓe hukuncin wanda kotu ta kama da laifi. Gyara na 14 a 1868 ya shafe kashi uku cikin biyar, ya sa a ƙirga kowa cikakke. Sai dai daga 1890 jihohin kudu suka shiga hana baƙaƙe ƙuri’a ta hanyar harajin zaɓe da jarrabawar karatu, duk da gyara na 15 na 1870. Ta haka suka ci ribar cikakkiyar ƙidaya a majalisar wakilai, mutanen da aka ƙirga kuwa akasarinsu ba su kai ga akwati ba sai bayan dokar haƙƙin zaɓe ta 1965.