Shari'ar Malam Zurƙe

A shekarar 1933 ne Hukumar Fassara ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta kira gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko. Cikin littattafai biyar da aka zaɓa akwai Ruwan Bagaja, wanda wani matashin malami na makarantar Midil ta Katsina, Abubakar Imam, ya rubuta yana da shekara 22. Tun daga wancan zamani littafin yake yawo a ƙasar Hausa ba ruwansa da iyaka, daga Katsina har Maraɗi da Damagaram. Masu karatu kuma suka yanke hukunci guda suna gadar wa juna: Alhaji Imam shi ne gwarzo, Malam Zurƙe ɗan Muhamman shi ne mugu. Ina so mu sake buɗe wannan shari'a, don a ganina an yanke ta ba a saurari wanda ake ƙara ba.

Mu fara da tambayar da kowane alƙali zai fara da ita: wa ya tsokani wani? A haɗuwarsu ta farko Alhaji Imam ne a tsare. Ya shara wa Zurƙe ƙarya, wai an tsare shi ne don ya ƙi auren ƴar sarki. Zurƙe ya shiga madadinsa, ya sha azabar da ba tasa ba. Laifin Zurƙe a nan kwaɗayi ne, kuma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Amma kwaɗayi kansa ya cuta, shi kuwa Imam wani ya cuta. Abin da ya biyo baya, garuruwa bayan garuruwa, ramuwa ce bisa ramuwa, kowa ya samu ɗan'uwansa sai ya jefa shi rami.

Za a ce ai niyyar Imam kyakkyawa ce, tun da maganin ɗan sarki ya fita nema. A duba da kyau. Abin da ya tashe shi daga gida shi ne wulaƙancin da sarki ya yi wa Liman, mijin uwarsa, don kawai ya ambaci ruwan Bagaja. Zuciya ce ta fitar da shi, da kishin mutuncin wanda ya riƙe shi. Ban raina wannan niyya ba. Sai dai ban ga yadda za ta wanke shekara goma sha biyar na damfara a kan mutanen da ba su san Liman ba, balle sarkinsa.

To, me ya sa muke yafe masa? Amsar tana cikin tarihin littafin. Abubakar Imam da kansa ya faɗi cewa ya kwaikwayi taurarin nan biyu ne daga Maƙamatul Hariri, littafin da Hariri na Basra (1054–1122) ya tsara, wanda malamanmu na zaure suka daɗe suna karantarwa. A can akwai Abu Zaidi, mai wayo da zalaƙa, akwai kuma Harisu, mai ba da labari, wanda yake gano shi a kowane gari ya yi masa faɗa. Mai karatu yana da shaida a gefe, kuma a maƙama ta 50 Abu Zaidi ya tuba. Shi kuwa marubucinmu sai ya ɗauke labarin daga bakin shaida ya sa a bakin mai wayon, ya kuma raɗa masa sunansa. Alhaji Imam shi ne mai ƙara, shi ne shaida, shi ne alƙali. Duk abin da muka sani game da Zurƙe daga bakin abokin gabarsa muka ji shi.

Akwai kuma gadon tatsuniya. Kunnen da ya saba da Gizo ba ya tambayar halal da haram, dariya yake jira. A duniyar da aljanu ke taimakon mutum har ya kai ga ruwan da ba wanda ya taɓa ɗebowa, nasara da kanta takan zama kamar shaidar albarka. Turawa ma sun yi wannan gardama: a 1762 Rousseau ya soki koya wa yara tatsuniyoyin La Fontaine, yana ganin yaro zai bi bayan dila ne, ya bar hankaka da asararsa. Mu da muke koyar da harsunan biyu mun san bai yi ƙarya ba.

Na taɓa mai da ajina kotu a kan wannan magana. Ɗalibai suka yi ta rububin tsaya wa Imam, Zurƙe kuwa da ƙyar ya samu lauya, wata yarinya da ba ta cika magana ba. Da aka kawo mata hujjar cewa ai a ƙarshe mutanen biyu sun shirya, sai ta tambaya ko akwai wanda ya ji haka daga bakin Zurƙe. Aka yi ta buɗe littafi ana nema har lokacin tashi ya yi.