2.3 Lester Hill da Kishiyar Matiriks a Rubutun Sirri

A wannan sashe za a duba yadda neman kishiyar matiriks ya shiga fagen rubutun sirri. Tun a shekarar 1801 Gauss na ƙasar Jamus ya tsara lissafin saura, wato wanda idan an yi rabawa abin da ya rage kaɗai ake riƙewa, kamar yadda agogo yake komawa ƙarfe ɗaya bayan sha biyu. Arthur Cayley na Ingila kuwa, a 1858 ya yi bayanin kishiyar matiriks, wadda take warware abin da matiriks ya ƙulla. Sharaɗin samunta shi ne kada ditaminan ya zama sifiri.

Lester Hill, malami a Kwalejin Hunter da ke Niyok ta Amurka, ya haɗa waɗannan ilimai biyu a 1929. Kowane harafi daga cikin haruffa 26 na Ingilishi ana ba shi lamba, sai a ninka lambobin da matiriks, a riƙe saura bayan an raba da 26. Mai karɓar saƙo da kishiyar matiriks ɗin zai buɗe shi.

A nan ne sharaɗin farko ya kasa. Idan A ita ce 0, N kuma 13, aka ninka kowace da 2, za a sami 0 da 26, saurar 26 kuwa 0 ce. Ke nan haruffa biyu sun zama ɗaya, ko mai mabuɗin ba zai iya bambanta su ba. Saboda haka dole ditaminan ya kasance 2 ba ta raba shi, 13 ma ba ta raba shi.

Misali, matiriks mai layin sama 3, 3 da layin ƙasa 2, 5 ditaminan ɗinsa 15 a ɗebe 6 ne, wato 9. Tun da 9 sau 3 ya ba da 27, saura 1, to 3 ce kishiyar 9. Da ita ake samun kishiyar matiriks ɗin: 15, 17 a sama, 20, 9 a ƙasa.

A ganin mai wannan bincike, raunin tsarin daga ƙarfinsa ya fito. Abokin gaba da ya sami ɗan yankin saƙo na asali tare da sirrinsa, da wannan lissafin na kishiya zai gano mabuɗin. Hill da Louis Weisner sun yi rajistar na'urar yin wannan aiki a 1932, amma ba ta sami karɓuwa sosai ba.