Itacen Katira: Ƙayar Duwatsun Iran Mai Fitar da Ƙaro

Itacen katira ƙaramin tsiro ne mai ƙaya da ke fitowa da kansa a manyan duwatsun Iran da Turkiyya da Iraƙi da Labanon. Masana tsirrai suna kiran sa Astragalus gummifer, kuma dangin wake ne. Katira sunan ƙaronsa ne a harshen Farisa.

Ya fi son gangaren dutse mai tsakuwa, sama da mita 1,000 daga gaɓar teku, inda ƙanƙara ke sauka da hunturu, rani kuma ya yi tsanani. Ba kasafai yake kai mita 1 a tsayi ba. Yakan dunƙule ne a ƙasa tamkar bushiya. Idan ƙananan ganyensa suka kaɗe, sai tsinken da ke riƙe da su ya ƙandare ya zama ƙaya, wadda ke kare shi daga awaki da tumaki.

Darajarsa a saiwa take. Da zafi ya kama, mazauna duwatsun Zagros sukan tone gindinsa, su tsaga saiwar da wuƙa. Ƙaron yakan tsattsafo siriri, ya bushe cikin 'yan kwanaki, sannan a tsince shi da hannu. Fari mai siffar zare shi ne mafi tsada.

Ƙaron da ake samu daga dakwara a Yobe da Borno da Jigawa narkewa yake a ruwa, amma katira kumbura yake, ya zama kauri mai yauƙi wanda tsami ba ya tsinka shi da wuri. Don haka ake zuba shi a magunguna da man goge baki da kayan abinci. Lambarsa a jikin kwali ita ce E413, ta ƙaron dakwara kuwa E414.

Iran ce kan gaba wajen fitar da shi. Sai dai galibinsa daga daji ake samowa, kuma yawan tsaga yana raunana itacen. Tsadarsa ta sa masana'antu da dama suka koma ga zantan, wani ƙaro da ake haɗawa a masana'anta. Inda kuwa itacen ya mutu, gangaren dutse yakan rasa saiwar da ke riƙe ƙasarsa.