Asalin Gwajin Widal

Tun zamanin da, babu abin da ya fi wahalar da masana ilmin ɗibbu kamar rarrabe zazzaɓi, domin masassara da ciwon kai da kasala alamomi ne da cututtuka masu yawa suka yi tarayya a cikinsu, har ya zamana likita, komai zurfin basirarsa, sau da yawa bisa zato yake yanke hukunci. A shekarar 1880 wani malami Bajamushe, Karl Eberth, ya hango ƙwayar da ke haddasa taifot, bayan shekara 4 kuma Georg Gaffky ya sami ikon renonta a ɗakin gwaji. Amma tabbatar da ita a jikin majinyacin da ke kwance bai daina zama al'amari mai wuya ba.

A 1896, a birnin Biyana, Max von Gruber da Herbert Durham suka bayyana cewa idan aka zuba ruwan jinin dabbar da aka yi wa rigakafi a kan ƙwayoyin cutar, sai su dunƙule, saboda wasu sinadarai da Allah Ya hore wa jiki ya ƙera don yaƙar abokin gabarsa. A cikin shekarar nan kuwa, a Faris, likita Fernand Widal, haifaffen ƙasar Aljeriya, ya juya ƙa'idar da wata hikima: ya ɗauki ƙwayoyin taifot da ya riga ya sani, ya gauraya su da ruwan jinin mara lafiya, in sun dunƙule, ya kafa hujja cewa jikin ya taɓa karo da su. Kan wannan tafarki aka bi aka sami gwajin zazzaɓin Malta a 1897, da na Weil da Felix a 1916, lokacin Yaƙin Duniya na Farko, saboda zazzaɓin da ƙwarƙwata ke yaɗawa.

To, sai dai wajibi ne mai karatu ya lura: sawun ɓarawo gwajin Widal yake nunawa, sawu kuwa yana iya zama na jiya, yana iya zama na bara. Sinadaran ba su cika bayyana ba sai cuta ta yi kamar mako guda, sa'an nan sukan daɗe bayan an warke, ko bayan allurar rigakafi. Zazzaɓin cizon sauro ma yakan sa gwajin ya yi shaidar zur. Don haka malamai suka shar'anta a ɗebi jini sau 2, da tazarar kwana 10 zuwa 14, a ga ko adadin sinadaran ya ninka sau 4.

Yau da gwajin ya zama ruwan dare a asibitocinmu, har ana ɗora wa mutum magani bisa ɗiba guda, ya kamata mu tuna da wannan sharaɗi, mu nemi a reni ƙwayar daga jini inda hali ya samu. Shaida ɗaya mai rauni ba ta isa a yanke hukunci a kan lafiyar ɗan Adam ba.