Sunayen Da Muka Ambata A Gaban Bagade

A kowace Misa Fada yakan ambaci sunan Paparoma da na Bishop ɗinmu a cikin babbar addu'ar Yukaris. Wanda ya saba ji ba ya lura, sai ran da wurin sunan ya zama babu kowa. Bisa ga al'adar Ikilisiya, idan kujerar Bitrus ba kowa a kanta, akan tsallake sunan har a zaɓi sabo. Cikin shekaru hamsin ɗin nan da muke yi wa Allah godiya dominsu, sau biyar hakan ta faru.

Biyu daga ciki a shekara ɗaya ne, wato 1978. Paparoma Bulus na Shida ya rasu ran 6 ga Agusta, aka zaɓi Yohanna Bulus na Ɗaya ran 26 ga watan. Bakinmu bai ko saba da sunansa ba, bayan kwana 33 Ubangiji ya kira shi. Ran 16 ga Oktoba aka ba mu Yohanna Bulus na Biyu, mutumin Foland.

Shi ne muka fi daɗewa muna yi wa addu'a. Ran 13 ga Mayu, 1981, aka harbe shi a dandalin Waliyyi Bitrus a Roma, Katolika ko'ina suka durƙusa da Rosari a hannu. Wata tara bayan haka, a Fabrairun 1982, sai ga shi da ƙafarsa a Kaduna yana naɗa sababbin Fada. Ya komo Nijeriya a 1998 hannunsa yana rawa saboda ciwo, duk da haka ya ɗaga Fada Tansi zuwa matsayin Mai Albarka. A ganinmu shekarun rashin lafiyarsa sun koya wa Ikilisiya abu mai wuya: yin addu'a domin shugaban da ake gani sarai ba zai warke ba. Ya huta ran 2 ga Afrilu, 2005, muka yi kwana 17 kafin a zaɓi Benedict na Goma Sha Shida.

Na 2013 dabam ne, gama babu jana'iza. Benedict da kansa ya ce ƙarfinsa ya kasa, ya sauka ran 28 ga Fabrairu, abin da ba a gani ba kusan shekara 600. Wanda ya gaje shi, Francis, a daren zaɓensa ya sunkuya ya roƙi jama'a su yi masa addu'a kafin shi ya sa musu albarka. Wannan roƙo bai bar bakinsa ba har shekara 12.

Da ciwon huhu ya kwantar da shi kwana 38 a asibitin Gemelli a 2025, Kadinal-kadinal sun riƙa jagorantar Rosari da dare a dandalin Bitrus, mu ma muka haɗa murya daga nan. An sallame shi, ya sa wa duniya albarka ranar Ista, washegari 21 ga Afrilu ya rasu. Kadinal Peter Okpaleke na cikin waɗanda suka shiga zaɓe, kuma ran 8 ga Mayu aka sanar da Leo na Goma Sha Huɗu, suna na shida da aka ambata a gaban wannan bagade.