Tukunyar Châtillon: Yadda Aka Mayar da Dubiya Aikin da Ake Koyo

Ranar Lahadi 20 ga Agusta, 1617, a wani ɗan gari mai suna Châtillon-les-Dombes da ke arewa da birnin Lyon a ƙasar Faransa, limamin cocin garin yana cikin sanya tufafin ibada sai aka zo masa da labari. Akwai wani gida can bayan gari wanda ciwo ya kwantar da mutanensa kaf, babu ko mutum ɗaya da ke da ƙarfin miƙa wa ɗan'uwansa ruwa. Limamin, Vincent de Paul, bai cika mako uku da kama aiki a garin ba. Da ya tashi wa'azi sai ya sa zancen gidan a ciki, ya yi shi da zafin zuciya, jikin jama'a ya yi sanyi.

Da yamma, bayan an idar da sujada, ya kama hanyar gidan domin ya gane wa idonsa. Sai ya yi ta cin karo da mata rukuni-rukuni, waɗansu suna tafiya da kaya, waɗansu suna dawowa, waɗansu kuma sun zauna a bakin hanya suna hutawa saboda zafin rana. Wani malamin da yabon jama'arsa zai yi, ya koma gida yana murna wa'azinsa ya ratsa zukata. Shi kuwa lissafi ya shiga yi. Abincin da aka jibge a gidan ya fi ƙarfin cikin majinyata, rabinsa zai lalace kafin a ci, kuma nan da 'yan kwanaki, idan tausayin ya huce, mutanen za su koma gidan jiya. Duk wanda ya taɓa zaman jinya a asibiti ya san wannan hali: a makon farko kulolin abinci har rasa wurin ajiye su ake yi, a mako na uku kuwa sai mai jinya ya yini bai ji sallamar kowa ba.

Bayan kwana uku ya tara waɗansu matan garin, suka amince kowace za ta ɗauki yini guda bi da bi, ta dafa abinci ta kai wa marasa lafiyar da ba su da galihu. Ya rubuta musu ƙa'ida, hukumar coci ta Lyon ta amince da ita a watan Nuwamba, aka kuma ƙaddamar da ƙungiyar a ranar 8 ga Disamba na wannan shekara. Matan aure ne da zawarawa da 'yan mata, kowace tana zaune a gidanta, babu wadda ta yi alkawarin zaman zuhudu. Su ke zaɓen shugabarsu, a cikinsu ake samun mai riƙe asusu.

Mutumin da ya shirya wannan bai taso da niyyar hidimar talakawa ba. An haife shi a 1581 a gidan manoma a kudu maso yammacin Faransa, ya yi kiwo yana yaro, aka naɗa shi limami yana da shekara goma sha tara. Burinsa a shekarun farko shi ne ya sami muƙamin coci mai tsoka ya tallafi danginsa. Zamansa a gidan Gondi, ɗaya daga cikin manyan gidajen sarautar ƙasar, inda yake koyar da 'ya'yan gidan, shi ya kai shi ƙauyukan da ke ƙarƙashinsu, ya ga irin watsin da aka yi da manoma ta fuskar addini da ta rayuwa. Wataƙila tasowarsa a gidan da aka san darajar kwanon abinci ita ta sa idonsa ya faɗa kan abincin da zai lalace, a lokacin da kowa yake kallon yawan masu alheri.

Ƙa'idar Châtillon ta cancanci a tsaya a kanta, domin ba ta yi kama da rubutun malaman addini na zamaninta ba. Ta fi kusa da umarnin da uwa ke ba 'yarta. Idan an karɓi sabon majinyaci, sai a kai masa riga mai tsabta da zanen gado in ba shi da su. Wadda yinin ya faɗo kanta za ta dafa abincin, ta ɗauka da kanta. Idan ta shiga sai ta gaishe shi da sakin fuska, ta gyara masa ɗan teburi a kan gado, ta shimfiɗa ƙyalle, ta ajiye kofi da cokali da burodi, ta wanke masa hannu. In ba ya iya yanka nama ta yanka masa, ta zuba masa abin sha, ta lallashe shi ya ci. An faɗi irin naman, na tunkiya ko na maraƙi, dafaffe da rana, gasasshe da dare, an kuma faɗi abin da za a ba shi a ranakun da coci ya hana cin nama. Idan majinyaci ya rasu, ƙungiyar za ta ɗauki nauyin binne shi, matan kuma su raka gawarsa.

Sai kuma wani sharaɗi guda wanda ya fi sauran nuna zurfin tunani. An ce mai kai abinci ta fara da gidajen da majinyaci ke da wani a kusa da shi, ta bar wanda yake shi kaɗai ya zama na ƙarshe, domin ta sami damar daɗewa a wurinsa. Wanda ya rubuta wannan ya gane cewa kaɗaici ciwo ne na daban, kuma zama da mutum aiki ne da ake ware wa lokaci kamar yadda ake ware wa girki.

Gaskiya ne ziyarar tana da wata manufa bayan jinya. Zamanin ja-in-ja ne tsakanin Katolika da Furotesta, Châtillon kanta tana da mabiya ɓangarorin biyu, kuma ƙa'idar ta bukaci a shirya wa majinyaci furta zunubansa a gaban limami tun a farkon karɓarsa. Mai karatu na yau yana da haƙƙin ya tambaya ko matalaucin da ke jiran tukunya yana da bakin da zai ce a'a.

Vincent bai wuce wata biyar a garin ba, gidan Gondi suka matsa ya koma. Sai dai ya tafi da tsarin, ya riƙa dasa shi a ƙauyukan da yake zuwa wa'azi. Da ƙungiyoyin suka yi yawa sai waɗansu suka fara sanyi, asusu ya rikice a wani wuri, a wani wurin kuma aka daina bin layin yini. A 1629 ya tura wata bazawara mai ilimi, Louise de Marillac, ta riƙa zagayawa tana tara matan, tana duba littafin kuɗi, tana sake koya musu aikin. Daga nan horon ya zama abin da ake maimaitawa, ana bibiya.

A birnin Paris ne tsarin ya yi tuntuɓe. Matan da suka shiga ƙungiyar a can matan manya ne. Suna da kuɗi da kyakkyawar niyya, amma ɗaukar tukunyar miya a ratsa lunguna a hau bene zuwa ɗakin mai ciwo bai dace da matsayinsu ba a idon jama'a, mazajensu ma ba su so, ga kuma tsoron annoba. Sai suka koma aika barorinsu. Baran da aka aika dole yakan dire kwano ya juya, wani lokaci har da gatsali. Abinci yana isa, amma gaisuwar da zaman da aka gina ƙa'idar a kansu sun ɓace.

Mafita ta zo daga inda ba a zata ba. Wata makiyayiyar shanu daga ƙauyen Suresnes, Marguerite Naseau, wadda ta koya wa kanta karatu ta hanyar sayen ɗan littafin baƙaƙe tana tambayar masu wucewa sunan kowane harafi, ta zo ta ce ita za ta yi aikin da matan manya suka kasa. Waɗansu 'yan matan ƙauye suka biyo sawunta. A farkon 1633 ta kwantar da wata mai fama da annoba a shimfiɗarta, ta kamu, ta rasu a asibitin Saint-Louis. A ranar 29 ga Nuwamba na shekarar, Louise de Marillac ta tara kaɗan daga cikin 'yan matan a gidanta domin ta horar da su: karatu, haɗa magani, wanke rauni da ɗaure shi, da ladabin shiga gidan matalauci. Wannan ne mafarin ƙungiyar da aka sani da 'Yan Matan Jinƙai.

Akwai tarkon doka a gabansu. Tun bayan babban taron coci na Trent, wanda aka kammala a 1563, duk macen da ta yi alkawarin zuhudu dole ta shiga kulle, ba fita. Francis de Sales da Jeanne de Chantal sun kafa wata ƙungiya a 1610 da nufin matanta su riƙa ziyartar marasa lafiya, amma zuwa 1618 an mayar da su bayan katanga. A 1631 Paparoma ya rushe ƙungiyar da Mary Ward, 'yar Ingila, ta kafa ba tare da kulle ba. Saboda haka Vincent da Louise suka yi taka-tsantsan ƙwarai. Suka hana a kira 'yan matan masu zuhudu, suka bar su cikin tufafin matan ƙauye, alkawarin da suke ɗauka kuma na shekara guda ne, ana sabuntawa. Ya sha nanata musu cewa ɗakunan majinyata da titunan gari su ne gidan ibadarsu. Da wannan dabara suka tsira. Kafin su biyun su rasu a 1660, ita a watan Maris shi a Satumba, 'yan matan suna aiki a asibitoci, suna renon jariran da aka yar a Paris, an ma tura waɗansu ƙasar Folan tun 1652.

Sai dai nasarar ta zo da wata asara. Abin da ya fara a matsayin aikin maƙwabta, kowa da yininsa, ya karkata zuwa hannun waɗanda suka sadaukar da rayuwarsu gaba ɗaya, sauran jama'a kuma suka sami sauƙin ba da kuɗi su koma gefe.

Bayan shekara ɗari biyu aka sake ɗaura zaren daga ɗaya bakin. A watan Afrilu na 1833, shekara guda bayan kwalara ta yi ɓarna a Paris, wani ɗalibin shari'a ɗan shekara ashirin, Frédéric Ozanam, da abokansa suka gaji da gorin da abokan muhawararsu ke yi musu cewa Kiristocin zamani sai baki, babu aiki. Suka yanke shawarar ziyartar matalauta a gidajensu, amma ba su san ko ta ina ake farawa ba. Aka haɗa su da Sista Rosalie Rendu, ɗaya daga cikin 'Yan Matan Jinƙai, wadda ta shafe kusan shekara talatin tana aiki a unguwar Mouffetard, ɗaya daga cikin unguwannin da talauci ya fi yi wa katutu a birnin. Ita ta ba su sunayen gidajen da za su je, da takardun karɓar burodi, ta kuma koya musu yadda ake shiga ɗakin mutum ba tare da an zubar masa da mutunci ba. Ɗaliban suka sa wa ƙungiyarsu sunan Vincent de Paul. Tana nan har yau a cocin Katolika na ƙasashe da dama, har da Nijeriya, membobinta ma'aikata ne da 'yan kasuwa da ɗalibai, suna haɗuwa a kai a kai, suna tara gudummawa a asirce yadda ba wanda zai san abin da wani ya sa, sannan su fita ziyara bibbiyu.